Ni Ce Na Danna Rimot ɗin Farar Bas

Zuwa ga Hajiya Mai Makaranta,
Da kwafi ga Shugaban Kwamitin Iyayen Yara,
Da kwafi ga Shugaban Kwamitin Iyayen Yara,
Lafiya, Jihar Nasarawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranki ya daɗe, ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan kina lafiya, ke da iyali da dukkan malamanmu. Sunana Zuwaira, ina aji biyar na sakandare, daga Akurba nake zuwa. Na san ba ki san ni ba, kuma ba laifinki ba ne. A layin ƙarshe nake zama kusa da taga, ko malamanmu ma wasu sai sun duba rajista suke tuna sunana. Ina da ƙanwa a nazare biyu, sunanta Ummita, tana ajin Anti Grace.

Zan fara da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Mamata, ko ƙawata Falmata da muke cin abinci a kwano ɗaya. Ranar Talatar nan da farar bas ɗin makaranta ta tashi babu kowa a cikinta ta daki bangon sito, ba aljanu ba ne. Ba sakacin Baba Danladi direba ba ne. Ba kuma kik ɗin da ke tayar da motar ne ya lalace ba, kamar yadda aka gaya miki. Ni ce. Ni na danna rimot.

Da na rubuta layin nan sai da na ajiye biro na je na wanke fuska. Amma ba don neman yafiya kawai na zauna rubutu ba. Ƙorafi na kawo, ranki ya daɗe, kuma ga shi a taƙaice: abin da ya sa motar ta zabura yana nan a jikinta har yau, ba a taɓa shi ba, kuma yanzu a gaban yaran nazare ake ajiye ta. Ina roƙonki ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi da ni.

Na farko, yadda abin ya faru.

Ni mai karanta littattafan soyayya ce. Na san an hana shigowa da su. Nawa ba a taɓa kamawa ba, don nakan lulluɓe su da bangon littafin lissafi. Ban iya hira ba. Idan 'yan ajinmu suka yi da'ira suna shewa, ni ban ma san inda zan ajiye hannuwana ba. Shi ya sa tun zangon da ya wuce na samo wa kaina maɓoya, wato kujerar ƙarshe ta farar bas. Ƙofar gefe ba ta kulluwa, wannan kowane ɗalibi ya sani. Da an kaɗa ƙararrawar burek, Baba Danladi ya fita cin tuwonsa a wajen get, sai in zame in shiga, in kwanta, in yi rabin awa a wata duniya inda kowa ya san abin da zai faɗa.

Kin tuna a farkon zangon nan kin kawo wani mutum daga Abuja ya sa wa motar na'urar da za ki riƙa ganin inda take a wayarki. Da ya gama sai ya ce zai ƙara miki da rimot na tayar da mota, gyara ce, ba sai kin biya ba. A filin asambali, inda babu gangare, ya gwada muna kallo. Ya tsaya can nesa, ya ɗaga hannu sama, motar ta ƙyafta fitilu ta tashi tana ƙugi a inda take. Muka yi ta tafi, har da malamai. Rimot biyu ya bayar. Ɗaya kika haɗa da makullanki, ɗaya aka ba Baba Danladi. Shi kuwa bai taɓa amfani da nasa ba. Da kunnena na ji yana gaya wa maigadi, "Ni ba na so moto ya tashi ƙafana ba ya ciki." Sai ya rataye shi a jikin madubi tare da turaren mota ya manta da shi.

Ni ban manta da shi ba. A littattafan da nake karantawa kusan kowane saurayi yana da irinsa. Zai fito daga gidan bene cikin farar shadda, ya danna, mota ta amsa masa, yarinya tana leƙe ta taga zuciyarta na bugawa. Mu a gidanmu babur ne, shi ma wata rana sai an tura. Kullum ina kwance a kujerar baya ina hango abin nan yana lilo, baƙi, ɗan ƙarami, da maɓallai huɗu. Ranar Talatar na kai wani shafi inda aka miƙa wa yarinya makullin mota a cikin akwatin kyauta. Ban san lokacin da na tashi na cire rimot ɗin daga madubi ba. Wallahi ba sata na yi niyya ba. So nake in riƙe shi kawai in ji yadda ake ji.

Na ɓoye shi cikin hijabi na hau barandar bene ta wajen laburare, inda ba kowa a lokacin burek. Daga can ana hango motar sosai. Na tsaya yadda na zaci matar cikin littafin za ta tsaya, har da gyara wuya. Na yi abin da na ga mutumin Abuja ya yi, na danna sau biyu na riƙe. A raina iyakarta ta tashi ta yi ƙugi, in sake dannawa ta mutu, in mayar da abin mutane, shi ke nan.

Fitilu suka ƙyafta. Sai motar ta zabura gaba kamar an hankaɗa ta daga baya. Ta haye bencin Maman Joy mai sayar mana da kunu da fanke, ta daki bangon sito, ta mutu. Mutane sun fara rugawa wurin ke nan sai ta sake yunƙurawa da kanta, tana ƙara tana tura bangon. Ranki ya daɗe, ban sake danna komai ba, rimot ɗin ma ya riga ya suɓuce ya faɗi kusa da ƙafata. Ta mutu. Ta sake a karo na uku, a nan ne bulo ya zubo a kan gilashinta, yara suka watse da ihu.

Maman Joy ta tashi daga bencin ne ta je famfo ɗauraye kofuna, ko minti biyu ba ta yi ba. Da ta dawo ta ga farantinta ya lanƙwashe a ƙarƙashin taya, zama ta yi a ƙasa. Ba ta yi kuka ba, kofunan suna hannunta suna ɗigar ruwa. Ita nake gani duk sanda na rufe ido.

Cikin hayaniyar na sauko na jefa rimot ɗin ta tagar motar. Daga baya aka tsince shi a ƙarƙashin kujera, aka ce girgiza ce ta kayar da shi, aka mayar da shi jikin madubi. Yana can yanzu haka.

Na biyu, gyaran da aka yi.

Magana ta rabu. Wasu suka ce aljanu ne. Malaminmu na addini ya yi addu'a aka yayyafa ruwa a wurin, Anti Grace ma ta tara waɗanda ta tara suka yi tasu. Ba na raina addu'a, ni ma na ce amin, wataƙila ma fiye da kowa. Wasu suka ce Baba Danladi ne ya bar makulli a jiki. Ya zo da gudu daga wajen get, hannunsa da sauran miya, ya zaro makullin daga aljihu yana nuna wa duk wanda zai kalla. Duk da haka an ba shi takardar gargaɗi. Ina tsaye a bayan taro ina kallon dattijon nan yana rantsuwa a kan laifina.

Washegari aka kira makanike. Ta tagar ajinmu na kalli aikin tun daga farko har ƙarshe. Ya shiga ƙarƙashin mota, bai daɗe ba ya fito ya ce kik ne, wato ƙaramin injin nan da ke murza babban ya tashi. Ya ce ya maƙale daga ciki, shi ya sa yake jan wuta da kansa. Ya kwance shi, ya hau babur ya kawo wani ɗan Beljiyam, wato na hannu, ya ɗaura. Baba Danladi ya murza makulli, mota ta tashi, kowa ya ce alhamdulillahi, an gama. Ban ga ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ba, inda mutumin Abuja ya cusa baƙin akwatinsa na rimot da tarin wayoyi. Ban ji wani ya ambaci rimot ba. Ina jin makaniken bai ma san da shi ba, tunda ba wanda ya gaya masa. Ni da na sani ina zaune ina kwafar darasi.

Na uku, abin da na gano da kuma yadda na gano shi.

Babana rewaya ne, mai gyaran wayar mota. Shekarunsa a aikin sun fi shekaruna a duniya. Za ki ce me ya hana ni tambayarsa tun ranar? Tsoro ne, ba wani abu ba. Sai ranar Lahadi da la'asar, yana zaune a tabarma yana warware wasu tsofaffin wayoyi, na kai masa ruwa na ƙi tashi. Na ce a wani littafi da nake karantawa, wata yarinya ta danna rimot mota ta gudu babu direba, wai hakan na yiwuwa? Ya ce, "Littafin makaranta, ko na su 'idan babu ke ba zan rayu ba'?" Na sunkuyar da kai. Ya yi dariya, sannan ya tambaye ni motar mai giyar hannu ce ko mai canja giya da kanta. Na ce mai giyar hannu. Nan take dariyar ta ɗauke.

Ga abin da ya ce, na rubuta shi a bayan littafina a ranar don kada in manta. Mota mai giyar hannu, idan an bar ta a giya, da kik ya juya tayoyi ma sai sun juya. Mutum idan yana ciki ya san haka, zai taka kuloci ko ya cire ta daga giya, wato ya mayar firi, kafin ya murza makulli. Akwatin rimot kuwa ba shi da ido, ba shi da ƙafa. Mai aikin kirki sai ya sa masa abin da zai gaya masa ko giya tana firi, in ba ta firi ya ƙi tayarwa. Wasu ma sam ba sa yarda su sa rimot a irin wannan mota, kuma Babana yana cikinsu. Mai gaggawa kuwa sai ya ja waya daga akwatin kai tsaye zuwa kik, ya gwada a firi a gaban mai mota, a yi masa tafi, ya kama hanya. Na tambaye shi me zai sa ta yi ta sakewa bayan an daina dannawa. Ya ce haka aka yi yawancin akwatunan: idan inji bai kama ba, sukan jira kaɗan su sake gwadawa, har sau uku. Sau uku, ranki ya daɗe. Ban gaya masa adadin ba, shi ya faɗa.

Duk da haka na so in yarda da makanike, don idan kik ne to ba ni ba ce. Tsohon kik ɗin yana yashe a gefen ɗakin maigadi. Ranar Litinin na roƙi maigadi ya ba ni, na ce aikin kimiyya aka ba mu. Ƙarya ta biyu ke nan bayan wadda na yi wa Babana, ita ma ina neman gafara. Na sa shi a jakar makaranta, kafin in kai gida ya tsinka mini hannun jakar. Babana ya ajiye shi a ƙasa ya take da ƙafa, ya haɗa shi da batir da wayoyi biyu masu kauri, ya ɗauki wata ƙaramar waya ya taɓa. Haƙorin kik ɗin da ke murza inji ya fito ya juya. Ya ɗauke waya, ya tsaya cak ya koma ciki. Ya yi haka sau biyar. Ya buɗe shi ya duba inda wuta ke haɗuwa, bai ƙone ba, bai manne ba. Ya ce, "Wane mai kuɗin ne ya yar da lafiyayyen kik?" Sai ya daɗe yana kallona, yana goge hannu da tsumma. Ya ce, "Ita yarinyar cikin littafin, ta gaya wa masu motar kuwa?" Na ce ban kai wurin ba tukuna. Ya ce to in yi saurin kaiwa, ya juya ya ci gaba da aikinsa.

Kik ɗin yana ƙarƙashin gadona. Duk wanda kika turo zan ba shi ya gwada da kansa.

Na huɗu, inda ake ajiye motar yanzu. Wannan shi ne ya hana ni sukuni.

Baba Danladi kullum a giya ɗaya, wato ta farko, yake barin motar. Ba ganganci ba ne. Birkin hannunta ya daɗe da mutuwa, filin makarantarmu kuma gangare ne, in ya bar ta a firi za ta sulale. Haka duk direbobin da na sani suke yi. Na ji yana cewa ya faɗi maganar birkin a ofis tun bara. Wannan ji na yi, ban gani ba, ke za ki fi ni sanin gaskiyarsa. Abin da na gani shi ne ba wanda ya gaya masa cewa giyar da yake sawa don kare mu ita ce ke zama haɗari idan aka taɓa abin da ke jikin madubinsa.

Tun da bangon sito ya rushe, magina sun zuba yashi da bulo a wurin da motar take tsayawa. Sai aka ce a riƙa ajiye ta a ƙarƙashin mangwaro, kusa da nazare. Hancinta yana kallon tabarmin da Anti Grace ke shimfiɗa wa yara su ci abinci da ƙarfe sha ɗaya. Na auna da ƙafata bayan an tashi: daga tayar gaba zuwa bakin tabarma taku bakwai ne. Na je na auna tsohon wurin, daga inda ta tashi zuwa bangon da ta daka, taku goma sha ɗaya. Kuma can bango ne ya tare ta. A nan babu bango. Akwai yara masu shekara uku da huɗu, zaune, sun ba motar baya, suna buɗe kwanukansu.

Tun ranar Talatar ban sake buɗe littafin soyayya ba. Da an kaɗa ƙararrawa nakan ruga in jawo wani dutse in tura gaban taya, duk da Babana ya ce idan inji ya kama a giya ɗaya dutse ba komai ba ne, hayewa za ta yi. Sannan in je in ɗauko Ummita in zaunar da ita a bakin baranda. Kuka take yi, ita dai a bar ta kusa da ƙawarta Blessing, don suna musayar taliya da doya. Anti Grace har tsokanata take yi, wai yayar Ummita ta zama 'yar sanda. Nakan yi murmushi kawai. Na janye tawa, to sauran fa? Blessing ba ta da yaya a makarantar nan. Nakan tsaya ina ƙirga kawunansu ina kallon fitilun motar, har a koma aji. Ko a hanya na ji an tayar da mota a bayana sai in zabura in waiwaya. Da Mama ta ga na canza ta zaci zazzaɓi ne, ta sayo mini magani, ina sha don kada ta ƙara tambaya.

Na yi tunanin in sake ɗauke rimot ɗin madubi in jefa a masai. Amma ko kusantarsa ba na iya yi yanzu, ina tsoron yatsana ya goge shi. Kuma in na jefar da wannan, naki fa? Akwatin kuma yana nan. Ƙofar gefe ma har yau ba ta kulluwa, kuma ba ni kaɗai ce na san haka ba. 'Yan firamare suna shiga su yi wasan direba da kwandasta. Ni da nake da shekara goma sha shida ban iya kame hannuna ba, ina ga ɗan aji biyu?

Na biyar, dalilin da ya sa na rubuta a buɗe, ba a asirce ba.

Na gwada asirce. Makon jiya na rubuta 'yar takarda da hannun hagu don kada a gane rubutuna, ban sa suna ba, na ce a cire rimot ɗin bas. Na jefa a akwatin shawara da ke bakin ofishin firinsifal. Kullum sai na wuce na leƙa ta tsagar. Tana nan, ina ganin gefenta, gizo-gizo har ya fara saƙa a kan kwaɗon. Ko da an buɗe ma, wa zai yarda da takarda marar suna bayan makanike ya ce ya gyara? Na gane maganar ba za ta yi nauyi ba sai wanda ya danna ya ce ni na danna.

Da na ci gaba da jan ƙafa, ba zan ɓoye miki ba. Abin da ya faru yau Laraba ne ya hana. Da burek kina cikin ofis da baƙi. Jikarki Amira tana rigima a baranda, sai aka miƙo mata makullanki ta yi wasa. Ina tsaye wajen mangwaro na hango ta tana tauna su tana latsawa. Na waiwaya, na ga fitilun bas sun ƙyafta sau ɗaya. Yara suna kan tabarma. Ban san na iya gudu haka ba. Na fizge makullan daga hannunta, ta fashe da kuka, sakatariyarki ta fito ta ce wace marar kunya ce wannan, uban wa ya aike ni. Na miƙa mata makullan da hannu biyu, ta mayar wa Amira don ta yi shiru. Allah ne ya sa aka kaɗa ƙararrawa yaran suka tashi. Ban san wane maɓalli ta taɓa ba, wataƙila na kulle ƙofa ne kawai. Amma wanda na danna yana kusa da shi, tsakaninsu bai kai faɗin farce ba.

Akwai kuma wani dalili. Ranar da mutumin Abuja yake aiki, na ji yana yi wa maigadi alfahari cewa ya sa irin wannan a motocin wasu makarantu, har wajen Agyaragu. Ban san ko gaskiya ya faɗa ba. In gaskiya ne, to akwai wasu tabarmi a gaban wasu motoci. Shi ya sa na yi kwafi don a karanta a taron iyaye, su ma su kai maganar inda ni ba zan iya kaiwa ba.

Ga roƙona, ranki ya daɗe, cikin ladabi.

Ɗaya, tun kafin a taɓa waya ko ɗaya, a ɗauke motar daga ƙarƙashin mangwaro, a kai ta inda hancinta ba ya kallon mutum. A karɓi rimot biyun, a cire musu batir, a kulle a durowarki. Wannan ba ya buƙatar makanike, ba ya buƙatar jira.

Biyu, a kira rewaya wanda ya san aikinsa, a gaya masa komai, har da abin da na faɗa a takardar nan. Ba sai Babana ba, kada a ce aiki nake nema masa. A raba akwatin da kik gaba ɗaya. Babana ya ce na'urar da kike ganin mota da ita a waya daban take, ana iya barinta. Idan an gama, a gwada a fili babu kowa a gaba, mota a giya, Baba Danladi yana zaune ƙafarsa a kan birki, a danna a ga ba ta motsa ba. Don Allah kada a sake gwadawa a firi a ce ta yi.

Uku, a gyara birkin hannu da ƙofar gefe.

Huɗu, a janye takardar gargaɗin da aka ba Baba Danladi, a kuma faɗa a gaban waɗanda aka zarge shi a gabansu. Shi da Maman Joy zan je in durƙusa musu da kaina.

Na ƙarshe, game da ni. Na shigo da abin da aka hana, na shiga inda bai kamata ba, na ɗauki abin da ba nawa ba, na yi shiru an zargi dattijo. Duk hukuncin da kika yanke na karɓa. Ina tsoron bulala a asambali, ina tsoron kora, saura mini shekara ɗaya in zana jarrabawar fita, kuma na fi tsoron idon 'yan ajinmu a kaina fiye da duka biyun. Abu biyu kawai nake roƙo. A bar ni in gaya wa Mamata da bakina kafin ta ji a waje. Kuma ko an kore ni, a bar Ummita, ita ba ta san komai ba, tana son Anti Grace.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya tsare miki Amira da duk zuriyarki, ya tsare yaran da iyayensu suka damƙa a hannunki. Allah ya sa kada ki taɓa ganin abin da nake hangowa kullum da ƙarfe sha ɗaya. Ya ba ki zuciyar saurarar ƙaramar yarinya, ko da mai laifi ce.

Yanzu la'asar ta wuce, na gama kwafi na biyu. Sau biyu ina ɗaukar takardun in nufi murhu da su, in dawo. Ba zan ƙona ba. Ba kuma zan ba Falmata ta kai mini ba, ba zan tura ta ƙarƙashin ƙofa ba. Gobe Alhamis zan tsaya a bakin ofishinki tun kafin asambali, na Shugaban Kwamiti in ba Malam Firinsifal, naki in sa miki a hannu da kaina. Idan kika ga na kasa gaishe ki, ba raini ba ne. Kada ki ce in je in dawo, kada ki ajiye ta a kan tebur sai kin sami sarari. Don girman Allah ki karanta kafin a shimfiɗa tabarma.

Wassalamu alaikum.

'Yarki,
Zuwaira,
Aji biyar, layin ƙarshe.